Uwar da Ba Ta Jira 'Ya'yanta Ba

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, wata uku bayan an ɗauke ni daga aikin masinja an kai ni ɗakin kwamfuta a ofishinmu na Kurmin Mashi. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, ga furfura ta fara leƙowa.

Aikin ba wuya. Kowace safiya akwai manhajar da ke tace takardun ma'aikata. Da ta fara sai ta haifar da ƙananan ayyuka ta raba musu aikin. Injiniya Hadiza, wadda ta koya mini, tana kiransu uwa da 'ya'ya. Idan an gama, allo zai nuna lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ci a kan uwar, da wanda ta ci a kan 'ya'yan. Ba lokacin agogon bango ba, wanda ta yi tana aiki kawai. Nawa shi ne in kwafe a littafi.

Tun da aka sabunta manhajar, sifili nake gani a layin 'ya'ya. Zuciyata ta raya mini in cike gurbin da lambobin makon jiya, kada a ce ban iya ba. Na daure, na rubuta sifili har kwana biyar.

Ranar Talatar shugaban sashe, Alhaji Bello, ya buɗe littafin ya ɗaure fuska.

"Malam Sule, kukan fankar injin nan har bakin ƙofa ake ji, kai ka ce 'ya'ya ba su yi komai ba? Ko ba ku kai darasin lamba ba a makarantar taku?"

"Ranka ya daɗe, abin da na gani na rubuta."

"To, gobe ka koma kai wasiƙu."

Sai Injiniya ta ce, "Yallaɓai, a ba ni minti goma." Ya duba agogo, amma ya ja kujera ya zauna.

Injiniya ta shiga duba manhajar, can ta dafa goshi. "Baba Sule bai yi kuskure ba, ni ce. Ba a ƙirga lokacin 'ya'ya sai uwa ta tsaya ta jira sun gama. Wajen sabuntawa na goge umarnin jiran. Yanzu uwar tana gama nata take kama gabanta, ta bar su suna fama, a rufe rahoto ba a gama tace wasu takardun ba. Da ya cusa lambobin ƙarya, da ba mu gane ba."

Alhaji ya yi dariya. "Ashe uwar ce ba ta da haƙuri!" Ya miƙo mini littafin da hannu biyu. "Ka yafe ni, Malam Sule. Riƙe kayanka."

Washegari lambobin 'ya'ya suka dawo, na rubuta su a littafin.

Na gode wa Allah, na gode wa baiwar Allahn da ta ce "ni ce" a gaban shugabanta. Ku da kuka shigo bayanmu, sifili ma lamba ce, idan kun gan shi ku rubuta shi. Kuma babba ba ya sanin wahalar na ƙasa sai ya tsaya ya jira. Ni minti goma aka jira ni, ga ni a kujerar har yau.