Yaya da ƙwaryar nonon Goggo

Ana sallame asuba munka bar Kaura, ni da yayata. An yi mata aikin maƙoƙo, likita ya ce akwai sauran ciwon daji, za a ba ta maganin da ke bin aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, ya ƙone shi. Sharaɗin, kafin ranar ba nono, ba ƙwai, ba kifi, ba gishirin leda, don duk suna da aidin. In ta karya, maganin ba ya kamawa sosai, sai a ɗaga ranar. Ita ko ta kafe sai ta zaga dangi neman gafara.

Tun a tasha na shiga uku. Da Shari'ar ga, mata motarsu daban. Ina hangenta ta gilashi wata baiwar Allah na ɓare mata dafaffen ƙwai. Na yi ta ɗaga hannu har direbanmu ya taka birki, ya zaci sauka zan yi. Ashe a jaka ta sa shi. Ni na ci shi da munka sauka garin Dauran.

Hanyar Zurmi duk ramu, amma gero ya yi kyau. Kowane gida munka shiga sai a dire hura da nono. Ba a maida ƙwarya cike, don haka ni ke sha a madadinta. Kafin azahar na sassauta mazagi.

A rugar Goggo, yayar babanmu, dabara ta ƙare. Tsohuwa ta dama da hannunta, ta ture ni.

"Kai, acici, ba taka ba ce. Ɗiyata, sha."

Yaya ta riƙe ƙwaryar. Wa ke hana Goggo? Sai Yaya ta ce:

"Goggo, in na sha, maganina ba ya ci. So nike in dawo in sha da yawa."

Sai Goggo ta karɓe ƙwaryar ta miƙo mini.

"To kai shanye, dama kai ba ka da magani."

Ta sake damo wata da ruwan tsamiya, ta zauna har Yaya ta gama.

A kasuwar Shinkafi munka sayi gishirin da ke zuwa daga Nijar, wanda likita ya yarda da shi don ba aidin a ciki. Arha kamar banza, don shanu aka saba saya wa shi. Mai gishirin ya tambaye ni shanu nawa gare ni. Na ce guda, ga ta nan tsaye. Na sha dundu a gaban jama'a.

Munka dawo Kaura da la'asar, ba abin da likita ya hana da ya shiga bakinta. An ba ta maganin ranar da aka sa, yanzu tana gida tana faɗa da jikoki, alhamdu lillahi. Abin da na koya, da tun gidan farko munka faɗi gaskiya, da dangi sun taya mu gadi, ni kuma da ban kwana biyu ina jinyar ciki ba.