Yumɓun da Hajiya Kaltouma ta Share

Duk wanda ya san unguwar Glenwood ya san Hajiya Kaltouma, 'yar Damagaram mai ɗinki a garejin gidanta. Shekararta ashirin a birnin Greensboro na Amurka, Turancinta na cin kasuwa ne kawai, amma bakinta ba ya mutuwa. Ga tsabtar tsiya. Ni da nake kai mata ɗinki, tun daga bakin titi nake kakkaɓe takalmi.

Tsabtar ce ta ja mata. Ta ɗauki wata mai taya ta aiki, Marziya, 'yar ƙabilar Hazara daga Afganistan, wadda ke jiran kotu ta yanke ko a ba ta mafaka ko a mayar da ita. Ran nan Hajiya na kakkaɓe dardumar sallar Marziya, sai wani ɗan dunƙulen yumɓu ya faɗo. Ta sa tsintsiya, sai kwandon shara.

Da azahar Marziya ta laluba darduma, ba ta ji yumɓun ba. Da ƙyar ta yi bayani: a kan yumɓun take ɗora goshi in ta yi sujada, kamar sauran 'yan Shi'a. A garinsu 'yan bindiga sun tare mota, suka ware masu irin fuskarsu da irin sallarsu. Ƙanenta na cikin waɗanda aka ware, bai dawo ba. Shi ya sa take ɓoye yumɓun har a nan.

Kunya da tausayi suka rufe Hajiya. Ta zazzage kwandon da hannunta ta nemo shi. "'Yata, ni ba haka nake salla ba, amma a gidana ba mai yin salla a ɓoye."

Da lauyan Marziya ya nemi mai shaida, Hajiya ta ce za ta je. Aminiyarta Oumou ta ja ta gefe. "Kotu ce fa! Me ya haɗa kifi da kaska?"

"Kwano ɗaya muke ci," in ji Hajiya, ta ɗauki mayafinta.

A gaban alƙali, ta bakin tafinta, ta ce, "Ranka ya daɗe, wata tara yarinyar nan na ɓoye yumɓu a cikin darduma, a Amurka, inda ba mai bin ta. Ni da ko allura ba ta ɓace mini, ban sani ba. Tsoron ƙarya ba ya daɗewa haka."

An ba Marziya mafaka. Yanzu yumɓun na kan tagar gareji, a fili, kusa da zare. Kullum in shara ta kai Hajiya wurin, sai ta ɗaga shi da hannu biyu, ta goge ƙarƙashinsa, ta mayar.