Gonar Turai a Maruta

Kafin kuturta ta kama ta, daddawar Turai ake rububi a kasuwar Gwaram. Shekarar da aka sami mulkin kai wani tabo ya fito mata a damtse, ko da allura aka tsikare shi ba ta ji. Magana ta bazu a ƙauyensu Maruta. Mijinta ya sake ta, matan da suka tashi tare suka hana ta taɓa guga a rijiya.

Da ƙafa ta taka har Birnin Kudu, inda ake raba wa kutare ƙwayoyin magani. Ta yi shekaru tana haɗiya, tana kwana a rumfa tare da irinta. Ciwon ya mutu, amma ya cinye mata yatsun hannun dama. Malamin asibiti ya ce ta warke, ba za ta shafa wa kowa ba.

Da ta koma gida, yayanta Maikuɗi ya tare ta a ƙofar zaure, ko kusa da ita bai matso ba. Tuni ya haɗe gonar da mahaifinsu ya bar mata da tasa.

"Ki yi haƙuri, Turai," ya ce. "Da wane hannu za ki noma ta? Ga bukka can bayan gari, za a riƙa aiko miki da tuwo."

"Yaya, ni ba kare ba ce," ta ce. "Gonata nake so."

Ta kai ƙara wurin alƙali a Gwaram. Masu jira a inuwa suka dare da ganinta, ta tsaya a rana ita kaɗai ta yi bayani cikin fushi. Dattawan unguwa suka ba da shaida kai a sunkuye, aka mayar mata da gonarta.

Dabo, wani makiyayi da suka sha magani tare, wanda danginsa suka tashi da shanu suka bar shi, shi ya zo taya ta noma. Kullum da safe yakan ɗaure mata fartanya a wuyan hannu da tsumma. Daga baya suka yi aure. Gyaɗarsu ba mai saye a Gwaram, sai Dabo ya ɗora wa jaki ya kai Birnin Kudu, inda ba a san mai ita ba.

Da Maikuɗi ya kwanta ciwon ajali, ya aiko yana neman gafara. Turai ta ce lokacin da yake da ƙafafu ina ya je? Ranar da aka binne shi tana gona tana cirar gyaɗa, kuma ba ta je ta'aziyya ba.