Hansai, mai jin ƙafar mutane

Ina tankaɗe a tsakar gida bayan azahar, Talatu maƙwabciyarmu ta shigo tana jan ƙafa. Kafin ta buɗe baki na ajiye rariya. Na ce, "Hansai ce?" Ta ce, "Sai haƙuri, Gwaggo." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma.

Da ni da Hansai tare muka ɗauki kwanon ƙasa a ramin kuza muna 'yan mata, tare muka tsufa a Anguwan Rogo. Shekara bakwai da idonta ya tafi, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi wane ne a ƙofa ba. Takunka ya gaya mata. Takan ce, "Baki ya iya ƙarya, ƙafa ba ta koya ba."

Ba ta yarda a ce mutum ya zo kawai. Sai ta ce, "Ya zo yaya?" A wurinta rangwaɗa ta mai jin daɗin ranta ce, taƙama ta mai abu, tinƙaho kuwa na wanda ya ari riga. Wata rana na ce jikata ta shigo da sanɗa. Ta ce, "Wace iri? Ɓarawo na sanɗa, mai jinya na sanɗa. Ɗaya tsoron kansa yake, ɗaya tausayinki."

Ɗa guda Allah ya bar mata, Sabo. Da kuɗin kwanon nan ta kai shi makaranta. Tun da aka koma naira kwangila ta buɗe masa, ya gina a Tudun Wada, ya zama Oga, ya zama Alhaji. Daga can zuwa nan ko jaki ba ya gajiya. Wata biyar tana kwance, sau ɗaya ya zo. Ina gefenta ta ɗaga kai ta ce, "Sabo ne, ya sayi sabon takalmi." Muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a zaure. Shiru. Sai takun ya juya. Direba ne ya shigo da buhun shinkafa, wai Oga na sauri. Na ce, "To, ya dai zo." Ta ce, "A'a, Delu. Giftawa ya yi."

Bai samu jana'iza ba, wai yana Legas. Ranar sadakar uku sai ga shi yana tangaɗi, ƙarti biyu sun tallabe shi, babbar riga na sharar ƙasa. Ya zube gabana a cikin mata, yana kuka ba hawaye. "Gwaggo, ke ce a kanta. Ki faɗa kowa ya ji, ta yafe mini?"

Wallahi na so in yi shiru, in bar shi ya kwana da abin har kabarinsa. Amma amana ce. Jajibirin rasuwarta ta riƙe hannuna ta ce, "In ya tambaya, ki ce na yafe. In bai tambaya ba ma na yafe." Na faɗa masa.

Jama'a, mutumin da aka shigo da shi a tallabe zumbur ya miƙe. Ya karkaɗe riga, ya duba agogo, ya yi waje fakam-fakam. Ƙartin nan sai da sassarfa suka cim masa.

Allah ya jiƙan Hansai, ya haskaka kabarinta, ya buɗe mata idon da ya rufe a nan, ya sa ta ƙetare siraɗi kamar walƙiya. Jikokinta Allah ya raya su, ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Shi kuma Sabo, tunda uwarsa ta so haka, Allah ya shirye shi. Wannan ɗin ku ku ce amin, ni bakina ya bushe.