Wayoyi Biyu da Na Juya

Har gobe ban manta da wata Talata ba, a shekarar da korona ta rufe gari. Lokacin ni ne mai kula da na'urori a ɗakin binciken wata jami'a a Kuala Lumpur. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, ku saurara.

Bari in fara da na'urar. DNA zare ne mai tufka biyu, kamar igiyar rama, sai dai ido ba ya ganinsa. Muna manna bakinsa ɗaya a jikin gilashi, ɗaya bakin a jikin ɗan ƙwallon ƙarfe mitsitsi. A sama akwai maganaɗisu da wani ƙaramin inji ke juyawa. In an kusanto da shi ya ja zaren, in an juya shi ya murɗe shi. In ja ɗin kaɗan ne, ko ta ina ka murɗa zaren zai nannaɗe ya gajarce. Amma in ka ja da ɗan ƙarfi, murɗawa ta hanyar tufkarsa ce kawai ke gajarta shi. Ta ɗaya hanyar warwarewa yake yi, tsayinsa ya tsaya kusan yadda yake.

Da aka sassauta kulle, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa shiga ɗakin a lokaci guda, kuma a goge komai. Ni kuwa kun san ni da zaƙewa. Na kwance injin, na goge shi tas, na mayar. Na gwada da ja kaɗan, zare ya gajarce hagu da dama. Na ce madalla, na kama jirgin ƙasa na koma unguwarmu, Wangsa Maju.

Rifkatu ce ta hau na'urar bayana, ɗalibar digiri na uku daga Filato, mai haƙuri ƙwarai. Mako uku tana aunawa, sakamako na fitowa a juye: inda ya kamata zare ya nannaɗe sai ya warware. Farfesarmu, wata 'yar Malesiya mai tsanani, ta ce mata ta bidiyo:

"Ba zan sa hannu a kan wannan ba. In ba ki gyara zuwa Juma'a ba, wani zai karɓi na'urar, ki jira zango mai zuwa."

Kafin zango mai zuwa kuwa izinin zamanta a ƙasar ya ƙare.

Ranar Talatar muka haɗu a bakin ƙofa wajen canjin aiki, kowa da takunkuminsa. Ta ce, "Malam Sani, sau huɗu ina sake haɗa zaren. Ina ga hannuna ne ba shi da kyau."

Na ce, "Haba Rifkatu, ke da kike zuba ruwa ko ɗigo ba ya zuba? Yaushe abin ya fara?"

"Tun ranar da aka buɗe ɗakin."

Nan take na tuna da gugar da na yi. Na shiga ɗakin. Na yanki ɗan salatif na manna a jikin maganaɗisun, na umarci kwamfuta ta juya shi dama. Ina kallo da idona, salatif ya tafi hagu. Kai! Wayoyin wutar injin guda biyu na sauya wa gurbi ranar da na yi gugar. Gwajin da na yi kuma ba zai taɓa tona ni ba, tunda da ja kaɗan hagu da dama duk ɗaya ne.

Gaskiya zan faɗa muku, zuciya ta raya min in gyara shiru. Gobe awonta ya fito daidai, ba wanda zai sani. Amma da na yi haka, aikin mako uku ya tafi shara, kuma Juma'a ba za ta ishe ta sake shi ba. Na fi minti goma a zaune, ina jin kunya kamar in nutse.

Na kira Farfesa ta bidiyo, na haɗa da Rifkatu, na nuna musu salatif ɗin yana juyawa. Na ce laifina ne. Farfesa ta ce:

"To ai awonta lafiya lau yake. A mayar da hagu dama a lissafin, shi ke nan. Rifkatu, boleh, ba matsala, ki kawo in sa hannu. Sani, mu yi magana daga baya."

Mun yi maganar kuwa, ba ta yi daɗi ba.

Rifkatu ba ta yi min faɗa ba, na so a ce ta yi. Cewa kawai ta yi, "Malam Sani, har na gaya wa Mama wataƙila ban dace da karatun nan ba."

Abin da na koya ke nan. A aikinmu in sakamako ya karkace, ɗalibi ake fara tuhuma, shi ma kansa yake fara tuhuma, ba mai waiwayar wanda ya taɓa na'ura. Don haka duk abin da kuka kwance, ku faɗa da bakinku tun kafin a tambaya. Mako uku yarinyar nan tana zargin hannunta, alhali nawa ne.