Ƙusar Kawu Sule

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Sule na Tarauni ya san yadda yake fara safiyarsa. Idan ya dawo daga masallaci, kafin ya gaisa da kowa, sai ya tsaya a soro ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin fis na wutar lantarkin gidan, kamar mai duba yaro ko yana zazzaɓi. In ya ji ɗumi sai ya gyaɗa kai, wai lafiya ke nan. Ranar da aka wanke masa hula, a kan akwatin yake kifa ta, kuma ba zan yi ƙarya ba, tana bushewa.

Na koma gidansa ne a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, na gama jami'a ina neman aiki. Ba wutar lantarki na karanta ba, don haka ina iya yin kuskure, amma a ganina akwatin da ke gurnani kamar an rufe zuma a ciki, bangon bayansa ya yi baƙi, bai kamata mutum ya kwana kusa da shi ba. Kuma a ɗakin da ke bayan bangon nan jikokinsa suke kwana.

Da can fis ɗin yana yawan ƙonewa, Kawu yana ƙara masa waya mai kauri. Da ya gaji, sai ya cusa ƙusa. Na lallaɓa na ce masa, kamar dai an yi fis ne don ya ƙone shi kaɗai, gida ya tsira. Ya daɗe yana kallona.

"Wato shekarun da ka yi a jami'a, abin da aka koya maka shi ne abu mai kyau shi ne mai lalacewa? To tunda na sa ƙusar nan ko tari bai sake yi ba."

Akwai Madam Ladi, malamar makaranta 'yar Filato da ke haya a ɗakunan baya. Ta zo ta ce tana jin ƙauri a soro kamar na kifi. Kawu ya ce ai a gidan nan ita kaɗai ke dafa banda, ta duba tukunyarta. Ta ce dutsen gugarta ma yana jan ta. Ya ba ta shawara ta riƙa sa silifas.

Daga ƙarshe na je Gyadi-Gyadi na ɗauko Isuhu mai wayarin. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ja da baya a hankali har bakin ƙofa, daga can ya ce a cire komai a sa sabo, yau ba gobe ba. Aka kawo masa ruwa ya ce zai sha a waje. Kawu ya ce ya lura tunda farar hula suka hau kowa ya samu baki.

"Mulki aka canza, Isuhu, ba akwatina ba. Ya ga gwamna nawa, yana nan."

Ba wuta ce ta kashe Kawu ba, ciwon ciki ne na 'yan kwanaki. Bayan sadakar arba'in na samu Inna, matarsa, na ce ko yanzu za a duba maganar akwatin. Na zaci za ta ce a jira rabon gado. Sai ta ce a duk gidan nan ƙusar ce kaɗai ta rage inda hannunsa ya ajiye ta, in bar mata.

Madam Ladi ta kwashe 'ya'yanta ta koma Unguwar Gano. Jikokin Kawu suna nan a ɗakinsu, don Inna ta ce babu wani wurin. Iyakar abin da na iya shi ne na ajiye bokitin yashi a soro, shi ma kyanwar gidan ta mayar da shi bayan gidanta. Kullum na ji jiniya a titi sai na leƙa soro.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa taurin kansa, ya kai haske kabarinsa. Yaran da ya bari a bayan bangon nan kuma, ya Allah, ka tsare mana su.