Jiniyar Kakuri

Shekarar da soja suka koma bariki, cocinmu ya kwashi yara lokacin dogon hutu, ya kai su zaman mako guda a wata firamare a Gonin Gora. Aka ba ni kula da ƙananan 'yan mata, wai ina da haƙuri. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama da ni ba.

Masu kukan gida ba su wahalar da ni ba. Biskit ɗaya, da "gobe Mama za ta zo", shi ke nan. Wadda ta gagare ni wata 'yar Kakuri ce mai shekara bakwai. Ba ta kuka. Shayin safe kawai take sha, tuwo kuwa sai ta sa shi gaba ta naɗe hannu kamar mai jiran mota. Fasto ya ce in ta sake kwana haka a mayar da ita gida. Tana jin haka ta damƙe zanina.

Na ce, "Ke, gishiri ne ya yi yawa?"

Ta ce, "Anti, ba a busa ba."

"Busa me?"

"Jiniya."

Ashe babanta a masaƙa yake aiki. Sai jiniyar tashi ta yi kuka, ya dawo, sannan su ci kwano ɗaya.

Na wanke mazurarin kananzir, na zaga bayan kicin, ni mai 'ya'ya uku a duniya, na kafa baki na yi "wuuu!" Akuyar maigadi ta tsinke igiya. Yarinya ta leƙo ta ce, "Ba haka take ba. A hankali take hawa."

Ikon Allah! Na sake, ta gyara mini, har ta gamsu. Ta zauna ta kalli ƙofa. Ba wanda ya shigo. Ta ci rabin tuwon, ta bar rabi. Haka muka yi har muka tashi, muryata ta dushe.

Bayan 'yan shekaru aka rufe masaƙar. Na haɗu da uwar yarinyar tana sayar da tumatir a Makera, na tambayi maigidan. Ta ce yana nan zaune, kunya ta hana shi cin abincin da ba shi ya kawo ba.

"Sai 'yar taki ta zaga bayan ɗaki ta yi masa kukan nan naki, sannan yake wanke hannu."

Na ce ina sauri, na tafi ban sayi komai ba.